Ƙas-ƙas a Marsandin Eberhard

"Ka ji ko? Ga ta nan kuma!" Eberhard ya taka burki, ya zare wa bakanike ido.

Bakaniken ya ji kuwa: ƙas-ƙas-ƙas, duk sanda aka shiga gargada. Amma in bakaniken ya ja motar shi kaɗai, tsit kake ji.

Maƙwabcina Eberhard ya tsufa ne yana ɗaura ƙofofi a kamfanin Marsandi na nan birnin Stuttgart, a Jamus. Wannan motar ma, in ji shi, da hannunsa ya ɗaura mata ƙofa. A ce ita ce ke ƙara? Ai ko coci ba zai iya shiga ba don kunya.

Aka kwance ƙofofi, aka ciro kujeru, aka zazzage but ɗin motar. Ƙas-ƙas na nan daram. Da ya gaji, ya sayar wa ƙanen matarsa ita a wulaƙance, yana sharar ƙwalla.

Shi da matarsa Irmtraud suka hau bas za su koma gida. Bas na shiga gargada, sai ƙas-ƙas-ƙas.

Ya zabura. "Irmtraud! Har bas ɗin ma?"

"Wane bas? Haƙoranka na roba ne, tsoho. Tun ranar da aka sa maka su suke rawa."

"Kin sani, kika bari na sayar da motata?"

"Sau nawa na buɗe baki zan gaya maka? Kullum sai ka ce, 'Yi mini shiru, ina sauraron mota!'"