Shaidar Wanda Ya Wuce Lissafi

A lissafin masana, babu mai kaiwa shekara ɗari a ƙasar Muri. Haka jami'in ƙidaya ya bayyana wa kotu a Jalingo, yana nuna zanen wani layi da ya gangaro ya kwanta a kan casa'in. Ya ce daga nan zuwa sama ba a ƙirga mutane, lissafi ne ke cike gurbin, domin tsofaffinmu akwai son ƙarin shekaru.

Tsohon da ya zo ba da shaida yana zaune a benci, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga ubansa ya dasa kukar da ke iyakar gonarsu, tun kafin zuwan Bature. Da garin ya zama babban birnin jiha, sai wani ɗan kwangila ya tuna cewa gonar ta kakansa ce.

"Baba, in da gaske ka ga dashen nan, ka haura ɗari ke nan," in ji lauyan ɗan kwangilar. "Ka kuwa ji abin da masana suka ce."

"Na ji, ɗana. To, yaushe ya kamata a ce na mutu?"

Aka yi dariya, har da alƙali. Sannan aka yi watsi da shaidarsa.

Magina za su fara aiki ranar Litinin. Ranar Asabar tsohon ya sa jikarsa ta kai shi gonar, ya durƙusa a hankali, ya shiga tone doyar da ba ta ƙosa ba.