Takalmin da Yaya Ya Sa Ranar Gwaji

Yaya ya zura ƙafa cikin takalmin aiki yana wa masu saye murmushi. Al'adar mahaifinsu ce tun kamfaninsu na takalma yana 'yar rumfa: ranar gwaji, mai kamfani ne ke sa takalmin, a sakar masa ƙarfe a kan yatsun ƙafa.

Ƙanwarsa Auta tana bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Yayan ne ya kore ta daga kamfanin da ta ƙi yarda a rage kaurin ƙarfen bakin takalmi. Ta kama ƙaramin shago tana ɗinka nata, dangi suna mata dariya. Yau kwangila ɗaya suke nema wurin magina.

"Auta, matso ki ga aikin manya," in ji shi.

Aka saki ƙarfen, tim! Yaya ko gezau. Ma'aikata suka ɓarke da tafi.

Shugaban magina ya durƙusa. "Irin wannan muke so. Cire mu gani."

Yaya ya fara kame-kame. Mutumin ya zare takalmin da kansa, ya juya ƙasansa. Tambarin shagon Auta ne.

Ta taɓe baki. "Ashe kai ma kana son yatsunka, Yaya."