Talatar da Maje Bai Je Ba

Maje tela ne a Fagge, gidansa kuma yana Kwaciri. Babbar 'yarsa Ruwaida, mai shekara tara, tana aji huɗu a firamaren unguwarsu.

Da aka gina wa makarantar sabon bene mai azuzuwa shida kowa ya yi murna. Amma ba a yi wata uku da buɗe shi ba bango ya fara tsagewa. In yaran sama suka yi tsalle, sai garin siminti ya riƙa zubo wa na ƙasa a ka.

Malam Muhammad Nur, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, shi ya tara iyaye a harabar makarantar. Ya zo da wani magini daga Sabon Gari mai suna Augustine, wanda aka yi aikin da shi. Augustine haifaffen Kano ne, da Hausa ya yi musu bayani.

"Ni na ɗaure rodin nan da hannuna. Inda ya kamata a sa shida, uku aka ba mu, su ma sirara. Siminti kuwa yashi ya fi ƙarfinsa. Na yi magana, ɗan kwangila ya ce in ba zan yi ba akwai masu yi."

Ranar babu wanda ya kai Maje ɗaga murya. Shi ya fara sa hannu a takardar koke, mutum sama da ɗari uku suka biyo bayansa. Aka kai takardar ofishin masu binciken almundahana, aka kuma tsayar da taro duk Asabar bayan la'asar, har sai an rushe ginin an sake shi.

Asabar ɗin farko harabar ta cika. Zuwa ta shida, mutum goma sha ɗaya ne suka zo. Wannan ya ce kasuwa, wancan ya ce biki. Aka fara raɗe-raɗin cewa Malam kansila yake nema, Augustine kuma haushin korarsa daga aiki yake ji.

Ana cikin haka wani na hannun daman ɗan kwangilar ya kawo wa Maje ɗinkin ankon bikin gidansu, kaya masu yawa. Bai ce masa ya yi shiru ba. Maje ne da kansa ya ga bai dace yana yi wa mutane ɗinki kuma ana ganinsa a taron ƙararsu ba.

Da masu bincike suka sa ranar sauraron iyaye, Malam ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya iso shagon Maje.

"Talata ce fa, ƙarfe goma. Ba sai ka yi magana ba. Ka zo dai a ga fuskarka."

Maje bai ɗago daga kan keken ɗinki ba. "Malam, aiki ya sha kaina. Mu ɗari uku ne, rashina ba zai rage komai ba."

"Haka wanda na baro yanzu ya ce mini," in ji Malam, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ranar Talata Malam da Augustine ne kaɗai suka je. Lauyan ɗan kwangila ya nuna kujerun da babu kowa, ya tambaya ina iyayen da aka ce suna kuka. Aka rufe maganar saboda rashin masu ƙara. Daga ranar babu ɗan kwangilar da ya sake ɗaukar Augustine aiki, sai ɗan gyare-gyare a kasuwar Sabon Gari.

Cikin watan Yuli aka yi kwana biyu ana ruwa. Ranar Laraba da hantsi kankaren benen ya rufta a kan 'yan aji huɗu da ke ƙasa.

Maje ya iso a guje, da abin awo a wuyansa. Ya tarar da Augustine yana fasa kankare da guduma, hannayensa duk jini. Augustine ne ya zaro Ruwaida. Yara uku sun rasu a wurin. Ita ta rayu, amma likitoci sun yanke mata ƙafar dama daga gwiwa.

Da ta farfaɗo a asibiti, ta daɗe tana kallon mahaifinta.

"Baba, ba kun yi taro kun ce za a gyara ba?"

Maje ya miƙe. Ya fita baranda ya tsuguna, ya rufe fuska da hularsa.

An yi ta'aziyya, manya sun zo da motoci, an kafa kwamiti. Bayan wata huɗu aka kafa allon sabuwar kwangilar gina azuzuwan. Sunan kamfanin sabo ne, amma mutumin da ke tsaye a kan masu haƙa harsashi shi ne dai ɗan kwangilar farko.

Maje ya tafi gidan Malam, ya same shi kwance ba lafiya. Ya ce a sake tara jama'a, shi zai shige gaba.

Malam ya girgiza kai. "Da wace shaida? Augustine ya kwashe iyalinsa ya bar garin tun watan jiya. An kwashe ɓaraguzan ma, ba wanda ya san inda aka zuba su. Lokacin da muke da komai a hannu, mutane kawai muka rasa."

Jama'a, masu cin amanar dukiyarmu ba sa tsoron ihun rana ɗaya, sun san za mu gaji mu watse. Yaƙi da cin hanci ba ya rayuwa sai talakawa sun ci gaba da zuwa bayan zafin ya wuce, kuma duk wanda ya ce rashinsa ba zai rage komai ba, da hannunsa a cikin abin da ya biyo baya.