Zarto Mai Koren Fenti

Da jini a jikin haƙoran zarton lantarkin Ummaru ya cusa shi cikin buhun albasa, ya ɗaure a bayan babur. Adama, matar ƙanensa Mas'ud, tana tsaye a ƙofar gidansu a Karaye tana ba shi labari, hawaye na zuba. Mas'ud ya kashe injin da hannunsa, ya ajiye a kan katako. Da aka tada janareta sai injin ya tashi da kansa, ya yi tsalle, ya tafi da babban yatsa da manuni na hannun dama. Mas'ud kafinta ne fa, da hannun nan yake ciyar da mutum bakwai.

Ummaru bai ko jona injin ba ya gane cutar. Maɓalli ne mai maƙalewa, wanda wani marar tsoron Allah ya danne da tsinken ashana daga ciki don ya yi lafiya na kwana biyu a gaban mai saye. An kuma lafta masa koren fenti mai kauri, har kan kusoshi. Da ya ɗaga shi, mariƙin ya zauna masa a hannu daram, abin ya ƙara masa haushi, don asalin injin mai kyau ne aka lalata.

A unguwarsu ta Jega Magaji kowa ya san Ummaru da sanin kayan aiki, shi ma ya san an sani. Guduma sai ya ƙwanƙwasa ya ji amonta, kurfin sassaƙa sai ya gwada kaifinsa da farce, inji kuwa shinshinarsa yake yi kamar mai sayen daddawa. Ko injin da yake aiki da shi yanzu, da wayonsa ya samo shi bara, kuma har gobe idan hira ta yi daɗi sai ya ba da labarin. Shi ya hana Mas'ud sayen sabo mai arha, ya ce masa tsoho mai ƙwari ya fi. Ga inda shawarar ta kai yaron da ya goya da bayansa.

Ya biya ta asibiti. Mas'ud na kwance, hannu a naɗe, ya ƙi haɗa ido da shi. Ummaru ya tambaye shi sau uku wa ya sayar masa.

“Yaya, bar zancen ga. Don Allah bar shi.”

Wannan haƙurin shi ya tunzura Ummaru. Ya rantse a gaban masu jinya cewa ko a rami mutumin yake sai ya tono shi, ya ja shi gaban alƙali, ya tona masa asiri a kasuwa yadda ko allura ba za a sake saye a hannunsa ba. Adama, da ita ma ta iso asibitin, ita ce ta bi shi waje ta raɗa masa suna: Sambo, mai rumfar kayan ƙarfe a Aliero.

Rana ta take lokacin da ya isa. Ya ratsa tsakanin tulin albasa da manyan motocin da ake lodi, ya zazzage buhun a kan teburin Sambo. Sambo ya ga jinin. Ya dafa ƙirji ya ce shi bai iya ko kwance kusa ba, sari kawai yake yi, kuma yadda injin ya zo masa da fentinsa haka ya miƙa wa Mas'ud. Ummaru ya kama wuyan rigarsa. Sai da maƙwabta suka shiga tsakani, sannan Sambo ya ce daga kasuwar Jega ya ɗauko, wajen Ya'ƙub mai tsofaffin injuna.

Ya'ƙub! Mutumin da suke sallah sahu ɗaya, wanda Ummaru ya daɗe yana yi wa kallon sakarai mai yarda da kowa. Ashe macuci ne a lulluɓe. Duk tsawon hanyar komawa yana shirya maganar da zai gasa masa, babur na kuka kamar zai tarwatse.

Bai yi sallama ba. Ya dire injin a ƙofar rumfar, ya ɗaga murya yadda masu walda da masu faci duk suka bar aikinsu suka taru. Ya faɗi abin da ya sami ƙanensa. Ya bayyana wa jama'a yadda ake cusa tsinken, ta wane gefe, da yadda ake mayar da murfin don kada a gane. Ya ce wanda ya yi wannan da mai kisan kai duk ɗaya ne, kuma yau sai an faɗi sunansa.

Ya'ƙub ya duƙa ya daɗe yana juya injin. Ya amsa cewa daga hannunsa ya fita, fentin ma nasa ne, don haka yake yi wa duk abin da aka kawo masa musaya. Amma ciki bai taɓa buɗewa ba, saboda wanda ya kawo ya rantse masa lafiya lau yake, kuma mutum ne da ba a ja da shi a kan kayan aiki.

“Malam Ummaru, mu shiga ciki in hwaɗa maka.”

“Ba inda za ni. Gaban jama'a anka yanke hannun ƙanena, gaban jama'a za ka hwaɗi.”

Ya'ƙub ya sake roƙonsa, a hankali. Ummaru ya daki teburin har spanoni suka zube ƙasa. Sai Ya'ƙub ya miƙe, ya dubi mutanen da suka taru, sannan ya dube shi.

“Rawaya ne dauri, kahin in shahwa mai kore. Kai kak kawo min shi bara, kak karɓi wanda kake aiki da shi yanzu.”