Dariyar Genta

Ina shiga ɗakin ɗaukar murya na tarar da Mizuho a kujerar tsakiya, kujerata. Alhali wurinta bakin ƙofa ne, inda sababbi ke zama suna buɗe wa manya.

Shekara goma sha tara ni ce muryar Genta, yaron nan mai dariyar ƙeta a katun ɗin ranar Lahadi. Wata huɗu kacal na yi a gida ina jinyar maƙogwaro.

Darakta Kuroda ya rusuna, ya miƙo min furanni. A sana'armu, wanda ya gama aikinsa ake ba furanni.

"Sachie-san, mun gode da ɗawainiyar shekaru."

"Godiyar me? Likita ya sallame ni, aiki na dawo."

"An yanke shawara Mizuho ta ci gaba da Genta."

Na yi dariya duk da zafin wuya. "Wannan? A mako ɗaya yaran ƙasar nan za su gano ta. Ga ta nan, tambaye ta. Duk Lahadi tana zuwa gidana da kwalbar zuma, mu kalli sassan katun ɗin da na ɗauki muryarsu na bar muku kafin a yi min aiki a maƙogwaro. Ko makon jiya sai da na ce mata, ji dariyar nan, duk Tokyo ba mai yin ta sai ni."

Mizuho ta sunkuyar da kai. "Kin faɗa, Yaya."

Kuroda ya gyara tabarau, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Sachie-san, waɗanda kika bar mana tun wata biyu suka ƙare."