Fuska Daga Buhun Albasa

Ashana na hannunsa ya yaye tabarmar. Ya gaji da tarkacen da ɗiyarsa ke tsintowa a kasuwar Boɗinga, yau zai ƙone su.

Sai ya ga fuskar matarsa a jikin katako, ɗiyar ta haɗa ta da tarkacen. Goshin na fasasshiyar ƙwarya ne, kallabin na jan buhun albasa, ga wushiryar nan tsakanin fararen murafen kwalba.

Marigayiya matarsa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Shekara shida yana lalubar kamanninta a ransa, suna kuɓuce masa.

"Baba, shara ce ko?" in ji ɗiyar daga bayansa.

Ya mayar da ashanar aljihu.

"Allah shi yi miki albarka. Kama mu shigar da ita, rana na dukanta."