Tawadar da Ba Ta Gogewa

Shekara shida ke nan da hana sayar da tawadar dindindin sai da izinin hukuma. Ranar Laraba, Malama Tasalla ta shiga shagon Alhaji Ɗanjuma a Sabon Gari da fankon tawadar firintarta. Mahaifinta na kwance ba lafiya, ya faɗa mata iyakokin gonarsu, tana so ta buga kafin ta Allah ta kasance.

"Ta mako ko ta shekara, Malama?" in ji Alhaji.

"Wadda ba ta gogewa nake so."

"Kawo izini."

Ta miƙa masa takardar da ta yi wata biyu tana zarya a kanta. Ya juya gaba, ya juya baya, fara fat.

"Da ta mako suka buga miki. Sai ki koma."

Ta san mahaifinta ba zai ƙara kai wata biyu ba.

"Ba ni ta shekara," ta ce. Ya ba ta, ya haɗa mata da rasiɗi.

A gida ta buga, tsohon ya dangwala yatsa. Da ta koma mota ta ɗauko jakarta, ta ga rasiɗin Alhaji, shaidarta kaɗai cewa ta shekara ya sayar mata, har ya fara dusashewa.